Ranar da Na Gyara wa Amarya Furenta

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta bazara ba, ko da na so in manta, domin akwai mutanen da suka ɗauki nauyin tuna mini. Ita ce ranar da na shiga gidan biki a unguwar Gidan Dare da kwando biyu cike da fure, ina taku kamar wanda ya kawo sadaki, na fito ina neman inda zan sa fuskata.

Ni manomin lambu ne a Kwalkwalawa. Albasa, latas, tumatir da karas, su na gada kuma su na iya. Karatun boko kuwa sai da furfura ta fara leƙowa sannan na shiga ajin manya, wanda ake yi bayan la'asar a wata firamare da ke Gidan Dare. Abin da ya kai ni ba wani babba ba ne. Na gaji da miƙa wa mutane wayata su karanta mini saƙo, su riga ni sanin abin da ya shafe ni. Mai koya mana ita ce Malama Na'omi, mutuniyar Filato, Kirista, wadda ta daɗe a Sakkwato har 'ya'yanta duk nan aka haife su. Da safe tana koyar da yara, da yamma ta koyar da iyayensu a kan kujerun da yaran suka tashi (gwiwoyina har yau ba su yafe wa kujerun nan ba). Ban taɓa jin ta ɗaga wa wani murya ba. In ka rubuta harafi a juye, sai ta ce, "Ya kusa, Baba. Juyo da shi ya dube mu."

Wata rana wajen ƙarshen sanyi, bayan an tashi daga aji, na miƙa mata ɗan latas da na zo mata da shi kamar yadda na saba. Ta karɓa ta yi godiya, sannan ta tsaya tana juya shi a hannu.

"Baba, lambunka zai iya yin fure?"

Na ce komai yana yin fure a lambuna, har kabewa.

Ta yi dariya, ta ce ba irin wannan ba. 'Yarta Rifkatu za ta yi aure Asabar ɗin da ke bin bikinsu na Ista. A cocinsu, in ji ta, akwai wani ɗaurin furen roba guda ɗaya da ake ajiyewa a kabad, kuma kowace amarya shi take riƙewa. Ya sha hannu har jan da ke jikinsa ya koma ruwan ƙasa. In ka duba hotunan auren mutanen cocin, ango da amarya suna canzawa, furen yana nan. Rifkatu ta ce ta yarda da komai, ta yarda da rigar aro, ta yarda da ƙaramin biki, amma ba za ta riƙe robar nan ba. Fure take so na gaskiya, wanda ya fito daga ƙasa.

Dangin angon mutanen Jos ne, inda fure yake kamar ciyawa. An yi maganar su taho da shi, amma hanyar doguwa ce, ga zafi, kafin ya iso ya dahu. Sai yayar uban ango, wata dattijuwa da ake kira Mama Asabe, ta faɗa a waya cewa a bar wahala, a Sakkwato da bazara ba abin da ke tsira sai ƙaya da albasa, yarinya ta riƙe robarta ta gode Allah. Maganar ta sosa Malama. Ta amsa mata da cewa kada su kawo komai, tana da ɗalibi wanda in ya dasa taɓarya za ta yi ganye.

Ni ne ɗalibin. Kuma maimakon in ji tsoro, sai na ji kaina ya yi girma.

Ta ba ni iri cikin leda, wanda aka aiko mata daga gida. Kala biyu ne. Ɗaya ta ce sunansa ziniya, mai fitowa ja da fari da ruwan hoda. Ɗayan rawaya ne mai ƙarfin wari, sunansa ya ƙi zama a bakina, na riƙa ce masa mai wari kawai. Na ware fangali uku mafi kyau kusa da rijiya, inda na so in sa latas na ƙarshe, na juya ƙasa, na zuba tsohon takin awaki, na yafa irin.

Maƙwabcina a lambu shi ne Arzika. Tare muka tashi, kuma tun muna yara bai taɓa ganin na yi abu ya yi shiru ba. Ya leƙo ta kan shinge.

"Ɗan makaranta, mi kaka shibkawa nan?"

Na ce, "Hure."

"Awo, na ji. Huren mi?"

"Hure dai. Na biki."

Ya ce, "Ana ci nai?"

"Ba a ci."

"Ana sha?"

"Ba a sha."

"Magani na?"

Na ce ba magani ba ne, kallo ake yi.

Ya gyara hula ya ce, "To, Allah shi ba da lada. Wanga karatu naka ya hwara aiki."

Wanda bai yi bazara a Sakkwato ba, ba zai gane abin da na sha ba. Rana tana fitowa da fushinta, zuwa azahar ƙasa ta yi zafin da ko kaza ba ta son taka ta. Na kafa zana ta yamma don ta tare musu ranar la'asar. Na riƙa ba su ruwa da sassafe da kuma gab da magariba, da hannu, a hankali, domin na ga ƙarfin ruwan inji yana kwantar da su. Na shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindinsu don laima ta daɗe. Da suka kai tsawon taƙi, Malama ta ce in tsinke kan kowane tsiro, wai hakan zai sa ya yi rassa da yawa masu tsawo. Na yi, amma raina bai so ba. Bayan 'yan kwanaki na ga kowane ɗaya ya rabu gida-gida, na ce lallai matar nan ta san abin da take faɗa.

Ranar da na farko ya buɗe, na daɗe tsugune a gabansa. Ja ne, faɗinsa kamar murfin ƙaramin kofi. A nan na lura da wani abu game da kaina. Tun ina yaro nake ganin furen kuɓewa da na tumatir da na kabewa, amma ban taɓa dubansu don kansu ba. A wurina fure ɗan aike ne, yana zuwa ya ce 'ya'ya suna tafe, sai ya faɗi, ba wanda ya yi masa rakiya. Ga shi yau na shuka abin da ba ya kawo saƙon komai, shi ne saƙon. Na ji daɗin wannan tunani ƙwarai, har na ɗauka na fahimci fure. Abin da na fahimta shi ne, a wannan shuka furen shi ne amfanin gona. Ku riƙe wannan, domin daga nan na ɓata.

Ana saura mako guda, Malama ta zo lambun tare da Rifkatu. Yarinyar ta shiga tsakanin fangalin tana taɓa su da yatsa ɗaya. Sannan ta ciro waya ta ɗauki hoto, ta ce wa uwarta, "Mama, bari in tura wa Mama Asabe, ta ga ƙaya da albasa." Malama ta ce mata ba a yi wa manya haka, amma ba ta hana ta ba.

Kafin su tafi, Malama ta ce, "Baba, ranar Asabar ka yanko su da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi. Ka yanke su da tsawo, ka tsoma a bokitin ruwa kada su yi yaushi. Sai ka kawo gida, mata za su jira ka."

Na ce to. Ba ta faɗa mini abin da matan za su yi da su ba, ni kuma ban tambaya ba. Ina ganin tambaya a kan amfanin lambu ai raini ne ga mutum irina.

Ranar Asabar ina sallame asuba na nufi lambu, maiɗakina Hajo ta biyo ni don ta taya ni. Na yanke su da tsawo kamar yadda aka ce. Na yanke duka, ban bar ko ɗaya ba, na ce biki ne, ba a yi masa rowa. Muka tsoma su a bokitai ƙarƙashin mangwaro. Da a nan na tsaya, na kira mai keke na ɗora, da yau ba ni da labari.

Amma sai na ja da baya na dube su. Ganye ko'ina, wasu da taɓo a jiki, wani karan dogo wani gajere, ruwan bokitin ya yi dauɗa. Kamar harawar da aka yanko wa akuya. Mu kuwa a wurinmu akwai yadda ake kai wa mutum mai daraja amfanin lambu. Na kasuwa daban, na kyauta daban. In karas ne, ka yanke ganyen ka wanke. In attaruhu ne, ka cire masa hanci. In zoɓo ne, ba ka kai shi a jikin karansa, ka zauna ka ɓanɓare. Kai wa babba abu da shararsa, kamar ka ce masa ne ga shi nan ka ƙarasa aikin da kanka. Bokitin ruwan da Malama ta ce, na ɗauka na lambu ne, don su jira ni in gyara su.

Na ciro wuƙa na zauna.

Hajo ta ce, "Malam, anya ba da karan suka so nai ba?"

Na ce, "Su yi mi da kara? Miya za su yi?"

"Ni dai na ji ka ce ta ce a yanke da tsawo."

"Don shi sha ruwa na, Hajo. Ke dai miƙo wancan."

Ta miƙo. Daga baya kuma ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba, wanda ya fi faɗar ciwo. (A nan ya kamata in amsa cewa na sha ganin furen roba a shagunan Ƙofar Taramniya, kowanne tsaye a kan doguwar ƙafarsa. Ban taɓa tambayar kaina amfanin ƙafar ba.)

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina yanke kan daidai wuya, ba gaggawa. Mutane sukan yaba mini da haƙurin aiki, kuma ranar na nuna shi. Na shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a kwando, na jera su kamar yadda ake jera tumatir na gani-na-so, ƙanana a ƙasa, manya a sama, ja a tsakiya, fari ya kewaye shi, sai ruwan hoda. Mai wari na ba shi kwandonsa daban. Wallahi sun yi kyau. Har Arzika da ya leƙo sai da ya yi shiru, sannan ya nuna tulin kara da ganye ya ce, "Wanga hwa?" Na ce ya kai wa jakinsa. Ya kwashe yana cewa yau dai karatuna ya amfani wani.

Na sa fara riga, na tare mai keke, na rungume kwandunan a cinya har Gidan Dare.

Tsakar gidan Malama cike yake da matan zumuntar cocinsu, sun yi ankon atamfa, wasu na kwasar shinkafa, wasu na guga. Abin da na fara gani shi ne dogon benci a inuwa, an jera masa kwalabe da gwangwanaye da aka naɗe da farar takarda, kowanne da ruwa a ciki. Ga almakashi, ga zare, ga farin ƙyalle mai sheƙi. Na ce a raina, ko ruwan sha ne na baƙi. Har lokacin ban farga ba.

Malama ta taso da fara'a. "Ga Baba nan. Mama Asabe, ga ɗalibin nawa."

Wata dattijuwa mai jiki, da tabarau a kan hanci, ta juyo daga kujera ta dube ni daga hula har takalmi. "Sannu, Malam. Kai ne mai hana rana aikinta? To, mu gani."

Matan suka kewaye ni. Rifkatu ta leƙo daga ƙofar ɗaki, an gama yi mata kitso, ba ta sa rigar ba tukuna. Na ajiye kwandunan a tsakiya, na yi bisimilla, na yaye buhun da hannu biyu. Har na ƙara da cewa, "Na gyara muku su, ba sauran aiki."

Aka yi tsit. Ni na ɗauka kyau ne ya ɗaure musu baki, har na fara murmushi.

Mama Asabe ta sunkuya ta ɗauki ja guda ɗaya, ta juya shi ta duba ƙasansa, ta ɗauki wani ta juya. Ta tura hannu can cikin kwandon ta laluba. Sannan ta ɗago.

"Malam, ina ƙafafunsu?"

Na ce, "Na cire, Mama."

"Duka?"

"Duka."

"Suna ina?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma ni mutum ne mai amsa tambaya. Na ce, "Jaki ya ci."

Wata daga baya ta yi wata irin ƙara ta toshe baki da gyale. Mama Asabe ta ɗauki furen ta ɗora a bakin kwalba, ya zauna a kai kamar hula. Ta ce, "To, Na'omi, amaryar taki faranti za ta riƙe ta shiga coci? Sai mu ce tallan tumatir ta zo."

A lokacin ne na dubi kwalaben, na dubi zaren, na dubi farin ƙyallen, komai ya haɗu a kaina lokaci guda. Na ce bari in koma lambu in yanko wasu. Kafin in rufe baki na tuna ban bar ko ɗaya ba.

Dariyar matan ba ita ta fi ƙona ni ba. Rifkatu ce, da ta saki labule ta koma ciki. Sai kuma Malama. Na ga ta tsaya tana kallon kwandon, tana murza bakin zaninta da yatsu. Wannan mata ta sa bakinta a kaina a gaban surukanta, ta hana a kawo fure daga Jos saboda ni. Na jira ta yi faɗa, da ta yi da na samu sauƙi. Sai ta ce, "Laifina ne. Ban gama bayani ba. Sannu da aiki, Baba, ka sha wahala." Irin muryar da take ce mini harafi ya kusa.

Wata mata ta ce a aika coci a buɗe kabad a ɗauko robar tun da sauran lokaci. Daga cikin ɗaki muka ji Rifkatu ta ce, "Ni in haka ne, hannu sake zan shiga."

Mama Asabe ta cire tabarau ta goge. Ta sake ɗaukar fure ɗaya, wannan karon ta daɗe tana dubansa. "Amma fa ya yi," in ji ta, kamar da kanta take magana. "A wannan wutar. Ko a Jos sai a tona kafin a samu mai faɗin wannan." Ta juyo gare ni. "Ka iya noma, Malam. Hankali ne ya yi maka yawa. Ku kawo mini tsintsiya."

Aka kawo. Ta zari tsinke ta soka a gindin furen, ya lanƙwashe. Ta yar. Ta ce, "Akwai mai tsire a unguwar nan?" Aka ce akwai a bakin titi. "To Malam, kai ka cire ƙafa, kai za ka nemo. Tsinken tsire nake so, duk wanda yake da shi."

Haka na fita da farar rigata. Na tarar da mai tsiren yana fere nama, bai ma hura wuta ba. Na ce tsinke nake so.

Ya ce, "Tsire sai la'asar, Baba."

Na ce ba tsire ba, tsinken kawai.

"Ba nama?"

"Ba nama."

Ya ajiye wuƙa ya dube ni. "Mi za ka yi da shi?"

Na ce amarya za ta riƙe.

Ya ɗauko ɗauri biyu daga jakar da yake ajiye ƙuli da yaji, ya ba ni, ya bi ni da kallo har na sha kwana.

Abin da matan nan suka yi cikin ɗan lokacin da ya rage, ni dai na tsaya gefe ina miƙa abin da aka ce in miƙa. Mama Asabe tana soka tsinke a gindin kowane ziniya, wata tana naɗe mahaɗar da zare, wata ta figo ganyen dogon yaro daga bishiyar ƙofar gida aka kewaye tsinkayen da shi don kada a gan su, aka ɗaure ƙasan da farin ƙyalle. Mai wari kuwa aka sa allura aka zura shi a zare kamar dutsen wuya, aka ce za a rataya a ƙofar coci. Sauran aka zuba a farantai masu ruwa don teburin baƙi. Kwalaben nan da aka ɓata dare ana naɗewa aka kwashe su aka kai bayan ɗaki. Duk wannan aikin Mama Asabe ba ta bar ni na huta ba. "Malam, miƙo zare. A hankali, kada ka gyara shi."

Aka kai wa Rifkatu ɗaurin a ɗaki. Ban ji abin da ta ce ba. Na dai ga ta fito da shi a hannu.

Ban shiga cocin ba, na zauna a inuwa a waje tare da masu keke, inda ake hango ƙofa. Fure da ba ya shan ruwa ba ya daɗewa a zafin nan, na san haka, don haka kowace waƙa da suka ƙara sai in ji kamar a kaina ake rera ta. Da suka fito, na ga wasu sun sunkuyar da kai, biyu sun faɗi sun bar tsinke tsirara yana leƙowa daga ganye. Amma tana riƙe da shi a ƙirji, aka yi hotuna, kuma ja yana nan ja.

A wurin liyafa na so in sulale, Malama ta aiko a ce in zauna. Suna da wata al'ada, amarya takan juya baya ta jefa furenta cikin 'yammata, wadda ta cafe a ce ita ce ta gaba. 'Yammata sun taru, Rifkatu ta juya, sai Mama Asabe ta miƙe daga kujerarta ta ce, "Kada ki jefa. Za ki tsone wa 'yar mutane ido." Dole aka yi wa jama'a bayanin dalili, kuma dole aka nuna inda nake zaune. Duk zauren ya juyo. Na ɗaga hannu, don ban san abin da zan yi da shi ba.

Can an fara watsewa, Rifkatu ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ɗaurin yana hannunta, rabinsa ya zube. Na fara ba ta haƙuri, ta tare ni.

"Baba, da safe na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Amma ni ce amarya ta farko a cocinmu da furenta yake ƙamshi."

Mama Asabe da ke wucewa ta sunkuya ta shinshina. Ta ce, "Ƙwarai. Har da na yaji."

Ranar Litinin na yi ta kai-kawo a ƙofar aji kafin in shiga. Malama ba ta ɗaga zancen ba. Ni na ɗaga bayan an tashi, na ce mata ba laifinta ba ne, ta yi bayani, ni ne na ƙara nawa a kai. Ta ce to mu raba, ta ɗauki kaɗan in ɗauki mai yawa.

Na daɗe ina juya abin a raina. Da rashin sani ne kawai, da sauƙi, domin wanda bai sani ba yakan tsaya ya tambaya. Ni sanin ne ya kai ni, sanin karas da attaruhu, na ɗauke shi na shiga da shi inda ba a gayyace shi ba. Kuma da ni mai gaggawa ne ko malalaci, da na gaji a rabi, da rabin furen ya tsira da ƙafarsa. Haƙurina ne ya sa na bi su har na ƙarshe.

Yanzu kowace bazara ina ware fangali don fure, amaren cocin sun san hanyar lambuna. Duk wadda ta aiko, sai na tambaya me za a yi da shi, ko da na sani. Kuma ina kai shi yadda Allah ya halicce shi, da kara da ganye, wani lokaci har da saiwa. Mai son gyara ya gyara da hannunsa.